Kabari Biyu Aka Haƙa wa Bilya

Bilya ɗan Kulsum ya rasu da asubar wata Talata, ana cikin damina. Zazzaɓin taifot ne ajalinsa, abin da bai gamsar da kowa ba a New Bell, don unguwa ta fi son a ce babur ne ko wuƙa. Da babur ne, da an san wanda za a zaga.

Ni maƙwabciyar Kulsum ce, katanga ɗaya ta raba mu, ita ma ta kwano. Na koyar a lekol, wato makarantar gwamnati, har na yi ritaya ina darakta, don haka duk wani mai gemu a unguwar nan da bai kai arba'in ba na taɓa ganin majinarsa. Sunana Tasalla, na je Makka na dawo, amma har yau Madam suke ce mini.

Samarin unguwarmu kashi biyu ne, in an cire waɗanda suka tafi Gabon da 'yan tsirarun da ke da hankali. Akwai 'Yan Kaca, masu tuƙa bensikin, baburan hayar da suka cika Duwala. Suna zama a mararraba gindin lemar mai shayi, kowa da tsaga a girar hagu da rigar aiki mai ruwan lemo wadda wanke ta abin kunya ne a wurinsu. Akwai kuma 'Yan Guga, yaran shagunan yadi na kasuwar Mboppi. Su a barandar tela suke zama, cikin shadda mai kari kamar za ta yanki mutum, ga turare, ga hula da aka karya gefe guda. 'Yan Kaca suna kiransu amare. Su kuma suna kiran 'Yan Kaca baƙin mai.

Dattawa suna cewa asalin gabar tsakanin 'ya'yan tsoffin gidajen da suka zo daga Kano da Katsina ne da yaran da suka sauko daga Garwa da Marwa. Wannan magana tana da daɗin faɗa bayan sallar la'asar, amma ni na koyar da yaran, na san iyayensu. Kowane ɓangare akwai waɗannan, akwai waɗancan. Su samarin cewa suke wani babur ne ya watsa wa wata farar shadda taɓo ranar Sallah. Na tambayi ɓangarorin biyu shaddar wa, babur ɗin wa. Babu wanda ya sani, amma kowa ya rantse da idonsa ya gani.

Bilya da 'Yan Guga ya fara. Da maigidansa ya rufe shago ya koma Kano, sai ya karɓi babur, don shadda ba ta cika tukunya. Daga ranar 'Yan Guga suka daina amsa sallamarsa. 'Yan Kaca suka bar shi ya riƙa ajiye babur a ƙarshen layi, inda ruwa ke kwanciya, suka sa masa suna Parfum, saboda yana goge rigar aikinsa da dutsen guga kuma bai bar shafa wani turare mai kaurin ƙamshi da ya saba da shi ba. Ya yi tsagar gira sau ɗaya, gashin ya fito, ya manta bai sake ba. Da ya kwanta ciwo, masu dubiyar da na gani su ne ni da wata mai fanke da ya saba ɗauka kyauta in ruwa ya tare ta.

Al'adarmu a nan, majalisar mamaci ita ke haƙa masa kabari. Wanda ya haƙa shi ke ɗaukar makara, shi ke shiga rami ya kwantar. Ba a littafi take ba, amma an fi kiyaye ta fiye da abubuwa da yawa da ke cikin littafi. To, da labari ya fita, 'Yan Kaca suka ɗaura shebur a bayan babura suka nufi maƙabarta. 'Yan Guga suka cire shadda suka ninke, suka shiga tasi da digarsu. Waɗannan suka shiga ta ƙofar gabas, waɗancan ta wajen da katanga ta rushe. Sai da kowa ya gama raminsa ya miƙe yana share gumi, sannan suka hango juna.

Kafin hantsi ya ɗaga an yi wa Bilya wanka, an sa masa likkafani, an shimfiɗe shi a zauren gidansu. Sai ga majalisu biyu a bakin ƙofa, kowa da taɓo har gwiwa, kowa yana cewa ya zo ɗaukar ɗan'uwansa.

Ina zaune da Kulsum a ɗakinta lokacin da hayaniyar ta iso mana. Ba ta kuka. Tana riƙe da hular Bilya tana juya ta a hannu.

"Madam," ta ce, "ko wa zai ɗauka ya ɗauka. Kada dai su kai mini shi firji."

Na san abin da take nufi. Mijinta a hanyar Yawunde ya rasu, aka ajiye shi a ɗakin sanyi na asibiti, wanda a nan ake cewa lamorg, har sai da takardu suka kammala. Ranar da aka buɗe mata shi ta taɓa goshinsa. Ta taɓa gaya mini cewa tun daga lokacin ba ta iya taɓa kifin ƙanƙara a kasuwa.

"Yau zai kwana a ƙasa," na ce mata, ba tare da na san ta yaya ba.

Da na fito, na tarar da mai unguwa Hamadu ya riga ya yanke hukunci irin nasa. Ya ce shi ba zai bari a yi dambe da shebur a maƙabarta a kira masa 'yan sanda ba. In aka kira la'asar ba su daidaita ba, zai kira mota ta kai gawar lamorg, a zauna a yi shawara gobe ko jibi. Ya faɗi wannan ya koma inuwa ya zauna, kamar wanda ya gama aiki.

Na aika a kira mini shugabannin biyu zuwa barandata. Awalu na 'Yan Kaca ya zo yana kaɗa makullin babur a yatsa. Nasrullahi na 'Yan Guga ya tsaya ya wanke ƙafa tukun. A benci ɗaya suka zauna a ajina shekarun baya, kuma a benci ɗaya na zaunar da su, kowa ya koma ƙarshensa.

"Awalu, yaushe Bilya ya zama ɗan'uwanka?"

"Madam, da jile ɗinmu ya mutu, rigar aikinmu. C'est notre frère, ɗan'uwanmu ne."

"A ina yake ajiye babur?"

Ya dubi makullinsa. "Wannan tsarin layi ne, Madam. Ba gaba ba ce."

"Kai kuma, Nasrullahi, na ji ba ka amsa sallamarsa."

"Fushi muke da shi, Madam. Mutum ba ya fushi da bare."

"Ka ji amarya," in ji Awalu. "Ramin nasu ma na gani. Sun daidaita gefensa kamar za su yi masa aljihu."

"Naku fa? Ko akuya aka sa a ciki sai ta nemi a gyara."

Na bar su suka ɗan yi, don na lura babu wanda yake kallon ɗan'uwansa a ido, kuma Awalu, da na sani da son faɗa tun yana aji uku, muryarsa ba irin ta mai son faɗa ba ce. Na ce to a jefa kwabo, wanda ya ci ya ɗauka, ɗayan ya je ya cike raminsa. Nan suka girgiza kai, su biyun, karo na farko da suka haɗu a kan abu ɗaya.

"Ba a cike rami ba kowa a ciki, Madam," in ji Nasrullahi a hankali.

"In an cike fa?"

"Yana jira," in ji Awalu. "Cikin waɗanda suka haƙa yake ɗauka. Kafin shekara."

"Wa ya gaya muku?"

"Kowa ya sani."

Na daɗe da lura cewa abin da kowa ya sani ba a samun mutum ɗaya da ya san inda ya samo shi. Amma yanzu na gane matsalar. Kowannensu yana son Bilya, gaskiya ne, don kada ɗayan ya samu. Sai dai abin da ya fi ƙarfi shi ne babu mai son a bar shi da rami buɗe.

Na aika wa Liman Jibirilla. Ya zo da carbinsa, ya saurara, ya ce wannan magana ba ta da tushe a ko'ina, camfi ne, a cike rami kawai a roƙi Allah.

"Gafarta Malam," in ji Awalu, "ba kai ka haƙa ba."

Mama Ngo Bilong, maƙwabciyarmu Kirista mai sayar da gasasshen kifi, tana tsaye a bakin baranda tun ɗazu da hannu a ƙugu. Ta ce a garinsu in aka rasa gawa, kututturen ayaba ake sawa a ramin a rufe, shi ke nan. Ta ce tana da ayaba a bayan gida, kyauta. Liman ya nemi tsarin Allah da ƙarfi. Mama Ngo Bilong ta ce to, ita dai ta faɗa, ta koma wajen kifinta.

Aka kira azahar. Zafi ya danno, irin na Duwala mai jiƙa riga, hadari kuma ya fara haɗowa ta wajen kogi. Daga inda nake ina hango zauren, ina hango tabarmar da aka lulluɓe yaron da ita. Haushi ya kama ni.

"To ku da kuke da rami ba ku da mai shiga," na ce, "a Duwala ake rasa gawa? Garin da ko'ina ka juya tanti ne da kujerun zaman makoki?"

Baƙar magana na yi. Shekaruna a aji sun koya mini cewa yara ba sa gane baƙar magana, amma na manta. Awalu ya dube ni, ya dubi Nasrullahi, ya ciro waya.

Ban taɓa ganin aiki ya tafi da sauri haka a unguwar nan ba. Babura suka watsu, wasu Bepanda, wasu Nylon, wasu har ƙetaren gada, suna tsayawa a kowane masallaci suna tambaya ko an yi rasuwa. 'Yan Guga, don kada a riga su, suka zauna a barandar tela suna kiran duk wanda ya taɓa sayen yadi a hannunsu. Na ji ɗaya yana cewa, "Alhaji, ina wuni, ya iyali, duk lafiya? Kowa da kowa?" Ya ajiye wayar da alamar bai ji daɗin amsar ba.

Wani ɗan Kaca ya dawo da labarin wata tsohuwa a Bepanda da aka ce ta kusa. Liman ya kore shi da takalmi a hannu. Wani ya samo rasuwa, amma danginta sun riga sun haƙa nasu, suka kuma tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ana tsaka da haka aka samu Baba Modu. Tsoho ne Babarbare, mai gadin wani wurin sayar da katako a Nylon. Da safe aka tarar da shi a kan bencinsa, rediyonsa na magana. Ba mata, ba ɗa, ba wanda ya san garinsu sai dai cewa can wajen tafki ne. Mai katakon, wanda ba Musulmi ba ne kuma bai san yadda ake yi ba, yana shirin kai shi lamorg ya bar wa hukuma. Da samari suka ce sun zo ɗaukarsa su yi masa sutura, mutumin ya ba da motarsa ta ɗaukar katako, har da mai.

Aka kawo shi masallacinmu, dattawa suka yi masa wanka. 'Yan Guga suka yanko likkafani daga bandir ɗin da suka yanka na Bilya da safe. Aka ɗora shi a makara ta biyu, aka rufa masa koren mayafi irin na ta farko, don masallacin tare ya saye su.

Na shiga na gaya wa Kulsum.

"Ba shi da kowa?" ta ce.

"Ba shi da kowa."

Ta tashi ta buɗe akwatin Bilya, ta ɗauko kwalbar turarensa. Da safe an zuba masa rabi a likkafani. Ta miƙo mini sauran.

"A sa wa tsohon."

Na dube ta. Fuskarta ba ta ce komai ba. Na kai wa Liman kwalbar da hannuna, ya shiga da ita.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce ta farko: wa zai ɗauki Bilya, wa zai ɗauki Baba Modu. Ramuka sun samu masu shiga, tsoro ya kwanta, sai girman kai ya farka. Awalu ya ce su suka samo tsohon, sun yi nasu, don haka Bilya nasu ne. Nasrullahi ya ce tunda su suka samo shi, ai sai su riƙe abinsu. Mai unguwa ya dubi agogo, ya ciro wayarsa, ya nemo lambar motar asibiti, ya riƙe a hannu yadda kowa zai gani. Liman ya ce a fito da su a yi sallah tukun, sauran magana bayan sallama.

Daga barandata ana ganin ƙofar masallaci. Aka ajiye makara biyu a fili, ta Bilya a dama. Mutane suna daidaita sahu sai ruwa ya sauko, irin wanda ba ya sallama. Kowa ya ruga neman mafaka. Wasu dattawa suka kinkimi makarun suka shige da su rumfar masallaci, suka juya da su ta nan, suka juya ta can don su sami wurin da ba ya yoyo. A nan cikin matsi aka yi sallar.

Da aka sallame, na ga Nasrullahi ya sunkuya kan makarar da ke kusa da shi kamar yana gyara mayafi. Ya ja numfashi. Ya ɗago ya yi wa mutanensa ido. A daidai lokacin Awalu yana durƙushe a gefen ɗayar kamar yana ɗaure takalmi, hancinsa a jikin koren ƙyalle. Shi ma ya ɗago ya taɓa girarsa.

Kowane ɓangare ya ɗaga tasa ya sa kafaɗa, suka fita cikin ruwan da sauri, kowa yana gudun kada ɗayan ya farga an yi masa wayo. Tun da nake a New Bell ban ga jana'izar da aka tafi da ita cikin natsuwa da hanzari irin wannan ba. Mai unguwa ya mayar da wayarsa aljihu. Ana cewa mutuwa tana haɗa kan mutane. Ni abin da na gani, kowa ya ɗauka ya cuci ɗan'uwansa, shi ya sa aka zauna lafiya.

An ce sai da suka kwashe ruwa daga ramukan da bokiti kafin su kwantar. Duk da haka, ladan bai kira la'asar ba sai da suka dawo, jiƙe sharkaf, suka tsaya a ƙofar Kulsum yin ta'aziyya, kowane ɓangare da fuskar wanda ya ci gasa yana ɓoyewa.

Na shiga wurinta.

"An sa shi?"

"An sa shi."

Sai a lokacin ta kifa fuska a cikin hular ta yi kuka, mata suka matso suka riƙe ta.

Asiri bai kai magariba ba. Wani ɗan Kaca ya kasa haƙuri, ya gaya wa mai shayi yadda suka gane Parfum da hanci suka bar wa amare tsoho. Mai shayi ya ce abin mamaki, yanzun nan yaron tela ya ba shi labarin nan, sai dai a juye. Aka ruga wurin Liman. Ya ce shi Musulmi biyu ya sallata, bai ɗaga mayafin kowa ba. Aka tambayi dattawan da suka shigar da makarun. Ɗaya ya ce ruwa yake gudu, ɗaya yana da yanar ido, na ukun ya ce a tambayi na farkon. Waɗanda suka shiga ramuka suka kwantar su ne za su iya sani, amma ciwo ya ramar da Bilya, tsufa ya ramar da Baba Modu, kuma kowannensu ya rantse saurayi ya riƙe.

Gaba ba ta mutu ba. Har yanzu amare ne da baƙin mai, har yanzu ɗan Guga ya gwammace ya taka daga Mboppi da ƙafa da ya hau bayan ɗan Kaca. Sai dai yanzu kowane ɓangare yana da kabarin da yake sharewa. 'Yan Kaca sun kafa wa nasu allon ƙarfe. Da 'Yan Guga suka gani, suka kewaye nasu da bulo suka shafa farar ƙasa. Duk ƙarshen damina sai a je cire ciyawa, waɗannan ta ƙofar gabas, waɗancan ta wajen da katanga ta rushe. A cikin biyun akwai wani mai gadi da bai taɓa samun mai yi masa sannu da aiki ba.

Na taɓa tambayar Kulsum, muna gyaran shinkafa, ko da gangan ta aika da turaren.

"Ya rage ne, Madam," ta ce. "Wa zai shafa?" Ta ci gaba da tsince tsakuwa.

Bayan Babbar Sallah, Awalu ya zo ya gaishe ni shi kaɗai, ya kawo mini lemo a leda. Ya zauna a ƙarshen bencin, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce an ce daga barandar nan ana ganin komai.

"Madam, tsakaninki da Allah. Namu ne ko nasu?"

"Ruwa ake yi, Awalu. Kuma ka san idona."

"Ko alama?"

"Da na bi ku maƙabarta, wataƙila da na lura da wani abu," na ce. "Amma kun ce mata ba sa zuwa."

Ya tashi ya tafi. Washegari Nasrullahi ya zo, shi da abarba.